Ƙwaron da ba ka san sunansa ba, da mi za ka yaƙe shi?

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, Allah shi ƙara basira. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani labari da mutanenmu sunka mayar abin dariya, ni kuma ban ga abin dariya cikinsa ba ko kaɗan. A shekarar 2024 wani masanin ƙwari ɗan Amurka mai suna Brad Balukjian tare da abokin aikinsa sun fitar da bayanin sabbin nau'o'in ƙwari guda 17 waɗanda ilimi bai san da su ba, daga tsibiran da Faransa ke iko da su can tsakiyar tekun Fasifik, inda Tahiti da Mo'orea suke, har sunka raɗa ma ɗaya sunan Kamala Harris wadda lokacin ita ce mataimakiyar shugaban Amurka, wani kuma sunan ɗan wasan fim ɗin nan Harrison Ford. To duk wanda na ji ya tabo zancen nan a wajenmu abu ɗaya yake faɗi, wai Turawa sun ƙoshi ne shi ya sa, wai mutum da hankalinsa ya bar gidansu ya tafi bin ƙwaro a dawa. Ni na yi aikin malamin gona har na aje, kuma abin da nake so in faɗa shi ne wanga aiki da ake ma dariya, rashinsa na cikin abin da ke cin dawarmu da tumatur ɗinmu, da kuɗin da muke zubawa a maganin feshi kowace damina.

Bari in fara da ƙwaron kansa don kada a ɗauka wani dodo ne. Dangin ana kiransu Miridae a harshen masana, kuma suna cikin dangogi mafi yawa a ƙwarin da ke da baki na tsotsa, an riga an rubuta sama da nau'i 10,000 nasu a duniya kuma har gobe ana samun sabbi. Ƴan uwan kuɗin cizo ne na nesa, in ka kifar da ɗaya ka duba ƙarƙashin kansa za ka ga wani siririn tsinke kwance a ƙirjinsa, shi ne bakin, da shi yake huda ganye ko fure ko ƙwayar hatsi ya zuba miyau ya tsotse ruwan. Ba su da girma, da yawansu milimita 3 zuwa 6 ne, jikinsu taushi gare shi, in ka kama shi da ƙarfi ƙafafun baya su cire su bar ka da su a hannu. Wanda ya saba yana gane dangin da alamu biyu uku: a ƙarshen ɓangaren fiffike mai tauri akwai wani ɗan yanki mai kusurwa uku da ke lanƙwasawa ƙasa, shi ya sa za ka ga bayansa kamar an karya, sannan a ɓangaren fiffike mai shara-shara akwai ɗan zane rufaffe ɗaya ko biyu, kuma yawancinsu ba su da ƙananan idanun nan na tsakiyar ka da wasu ƙwari ke da su. Waɗanda anka samu a Tahiti ɗin ƴan gidan Pseudoloxops ne, korra ne masu ɗan ja-ja a jiki. Wannan gane dangi ke nan, shi kam ɗan sakandare ma zai iya in an nuna masa da madubin hannu. Inda aikin yake shi ne a ce wanne ne a cikin dubu goman.

Mi ya sa sai tsibiri? Saboda waɗannan tsibiran dutsen wuta ne ya tofo su daga ƙasan teku, ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba, duk abin da ke kansu zuwa ya yi, ko iska ta kwaso shi ko tsuntsu ko wani gungumen icce da ruwa ya turo. Hawai misali kusan kilomita 4,000 take da gaɓar Amurka. To ka ga in tamatar ƙwaro guda mai ƙwai ta faɗa irin wanga wuri, zuriyarta ta rabu da danginta ke nan, babu sauran cuɗanya, wasu su koma kan wanga icce wasu kan wancan, wasu su hau can saman dutse inda sanyi da hazo suke wasu su tsaya bakin ruwa, da ikon Allah a kan dogon zamani sai ka tarar sun zama iri daban-daban da babu su ko'ina a duniya sai nan. Dutsen Orohena na Tahiti ya haura mita 2,200, ka ga kwazazzabo ɗaya da na kusa da shi ma sai su zama duniya biyu ga abin da bai kai tsawon farce ba. Illar kuma ita ce in anka sare dajin wancan dutse ko wani baƙon tsiro ya mamaye shi, shi ke nan nau'in ya tafi ba wanda ya taɓa sanin ya zo.

Yanzu ga yadda ake tabbatar da cewa ƙwaro sabo ne, kuma a nan nake so masu dariya su tsaya su ji, don ba hoto ake ɗauka da waya a ce an gano ba. Mai binciken yana zuwa gindin icce da raga ko farin ƙyalle ya tara ƙarƙashin reshe, ya bubbuga reshen da sanda, abin da ya zubo ya zuƙe shi da wata ƴar kwalba mai bututu biyu, ɗaya a bakinsa da ɗan tace a jiki don kada ya haɗiye, ɗaya a kan ƙwaron. Ba ya haɗa na icce biyu a kwalba ɗaya, sam. Ya yanki reshen iccen ma ya matse cikin takarda don masanin tsirrai ya faɗi sunansa, domin da yawa cikin ƙwarin nan icce ɗaya tak suke rayuwa a kai, sanin iccen rabin sanin ƙwaron ne. In ya dawo masauki sai ya manna kowane ɗaya a kan ɗan tsinin kati da gam, ya soke katin da allura, ƙarƙashi ya sa ƴar takarda mai sunan wuri da rana da icce da wanda ya kama. Ƙwaron da babu wagga takarda a jikinsa shara ne ko da na zinari ne, haka anka koya muna.

Daga nan sai zaman na'urar ƙara girma, wadda ake ce ma maikuroskof. A auna tsawon jiki, faɗin kai, tazarar idanu, tsawon kowace gaɓa ta ƙahon, a duba gashin jiki kwance yake ko tsaye, a duba ƙumbar ƙafa da ɗan abin da ke tsakanin ƙumbobin don shi ke nuna reshen dangin. Launi kuwa mayaudari ne, kore yakan koɗe ya koma rawaya bayan ƙwaron ya bushe, kuma kama da wane ba ta wane, sau tari nau'i biyu su yi kama har uwarsu ba ta rarrabe su a ido, sau tari kuma nau'i ɗaya ya zo da launi uku. Shi ya sa, a gafarce ni Malam Edita, hujja mafi ƙarfi tana ga al'aurar namijin. Ana yanke ƙarshen cikinsa a jiƙa cikin ruwan sinadarin da ake rubutawa KOH har naman ya narke ya bar ƙashin, sannan da allura mai siririn baki a zaro ƴan ƙugiyoyin nan biyu na hagu da na dama waɗanda ba su kai rabin milimita ba, a zana su a takarda. Siffarsu ba ta cika canzawa cikin nau'i ɗaya ba, amma tsakanin nau'i da nau'i takan bambanta sarai. Mutum zai wuni a kan ƙwaro guda, in hannunsa ya yi rawa ko ya yi atishawa abin ya tashi ya ɓace a kan tebur.

Tun 2003 kuma an samu ƙarin hanya, wani farfesa a jami'ar Guelph ta Kanada mai suna Paul Hebert ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki na ƙwayoyin gado, wato DNA, mai haruffa wajen 650, a gwada na wanga da na wancan. Ƙafa ɗaya ta ƙwaron ta isa. Amma shi ma ba hukunci ba ne shi kaɗai, shi ya sa masu binciken Tahiti ɗin sunka haɗa siffa da DNA da wurin zama da iccen da ake samunsa a kai, sai inda shaidun sunka taru sannan su ce wanga nau'i ne mai zaman kansa. Bayan duk wannan sai a koma ga magabata, a bi duk abin da anka taɓa rubutawa kan gidan, a nemi ainihin ƙwarin da anka fara raɗa ma suna a gidajen ajiya na Landan ko Faris ko Niyok ko Honolulu a gwada, don kada ka zo kana murna ka gano sabo ashe wani ya riga ka da shekara ɗari. In ya tabbata, sai a ware ƙwaro ɗaya a ce wanga shi ne madogarar sunan har abada, a sa masa jar takarda a aje shi gidan ajiya inda kowa zai iya zuwa ya duba, a buga bayanin a mujallar masana. Sannan ne suna ya zauna.

Batun sa sunan Kamala ko ɗan fim, ni ma dai ba zan ce ya burge ni ba, da ni ne sunan iccen ko na dutsen zan sa don ya amfani mai nema. Amma doka ta ba wanda ya yi wahalar dama, tsarin suna biyu na Latin da ake bi tun littafin wani masani Linnaeus na 1758 bai hana ba, kuma gaskiya in ba don sunan Kamala ba da labarin bai iso Yauri ba balle a yi masa dariya. Su ma sun san abin da suke yi. Mu da Alƙur'ani ya zo muna da surar tururuwa da ta ƙudan zuma da ta gizo-gizo bai kamata a ce mu ne masu raina ƙaramar halitta ba.

To mu dawo gida. Wanga dangi na Miridae ɗin dai yana cikin gonakinmu, ba sai an je Fasifik ba. Duk wanda ke noman dawa, musamman sabbin irin nan masu dunƙulalliyar zangarniya da ke nuna da wuri, ya gwada wanga abu in dawa ta yi madara: da sassafe kafin rana ta yi zafi ya zura zangarniya cikin farar leda ya kama bakin ya girgiza da ƙarfi, sannan ya ɗaga ledar ya duba. Zai ga ƙananan abubuwa korra marasa fiffike suna gudu a jikin leda, da manyansu masu launi tsakanin kore da ruwan ƙasa suna neman hanyar tashi. Ya ɓare ƙwayar ya duba, zai ga ɗige-ɗige ja-ja ko baƙi-baƙi inda anka huda, wasu ƙwayoyin sun motse sun ƙanƙance, domin tsotsa suke yi kuma tamatar cikin ƙwayar take saka ƙwanta. Ramin da sunka bari nan hunhuna ke shiga in ana sauran ruwa, sai dawa ta yi baƙi, a sussuka a ga rabi ƙaiƙayi, wadda ta samu ma ba ta yin tuwo mai kyau kuma ba ta tsira sosai in anka shuka. Manomi zai ce ruwan ƙarshe ne ya ɓata masa dawa ko iri ne ba shi da kyau, ƙwaron kuwa bai ma gan shi ba don yana can cikin zangarniya a ɓoye.

Sunan babban mai wagga ɓarna a Afirka ta Yamma Eurystylus oldi. Abin da zai ba ka mamaki, shekaru ana rubuta rahotanni a kansa da sunaye daban-daban, wasu su ce immaculatus wasu su ce marginatus, mai bincike a Mali da mai bincike a Najeriya suna fama da abu ɗaya amma a takarda kamar abu biyu, sai a 1995 wani masani Gary Stonedahl ya zauna ya bi ƙwarin gidan Eurystylus na Afirka ɗaya bayan ɗaya da irin aikin nan na yanka da zane da na faɗa, ya warware zaren, sunan oldi da wani masani Poppius ɗan ƙasar Finlan ya sa tun 1912 shi ya tsaya tunda ƙa'ida ita ce wanda ya riga shi ke da suna. Amfanin bai tsaya a takarda ba. Da anka san wane ne, sai abin da anka gano a tashar binciken noma ta ICRISAT a Mali ya zama yana da amfani a Kano da Kebbi, an san cewa dawarmu ta gargajiya mai sakakkiyar zangarniya da doguwar ɓawon da ke rufe ƙwaya irin su farafara ta fi jure masa, an san dunƙulallun ne yake so don suna ba shi maɓoya, an kuma san yana zama a kan zurma lokacin da babu dawa. Ka ji fa, zurmar nan da ke tsirowa a bakin juji da gefen fadama ba mai kula ta. Wane mai shagon magani ne zai gaya maka haka?

Don ga yadda abin yake a wajenmu. Manomi zai shigo shago ranar kasuwa ya ce ƙwari sun kama mani gona. Mai shago, wanda wataƙila bara kayan masarufi yake saidawa, ba zai tambaye shi wane iri ba, ba zai ce kawo in gani ba, zai miƙo kwalba ya ce wanga yana da ƙarfi, murfi biyu a famfo ɗaya, in bai ji ba ka ƙara. Ya je ya fesa ba takalmi ba abin rufe hanci, iska na maido masa a fuska. In bai yi ba ya dawo a haɗa masa biyu ko uku. Mutumen da zai rarrabe maka kaura da farafara daga nesa, ya gaya maka wagga shinkafa ta tudu ce wagga ta fadama, in an zo ga abin da ke cin su sai kalma ɗaya ta rage masa, ƙwaro. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa nuna masa ba. Kuma mun ga inda feshin makanta ya kai mu, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin fiya-fiya da anka samu a ciki, wanda ba mu iya kaiwa waje kuwa mu ne ke cinye shi.

Abin da ya fi damuna shi ne cikin dangin nan akwai waɗanda ma'aikatanmu ne kyauta. Akwai wani siriri kore da ake samu a kan tumatur, Nesidiocoris tenuis, yana cin ƙwai da ƙananan tsutsar sharon, ita Tuta absoluta ɗin da ta fito daga Kudancin Amurka ta shiga Sifen a 2006 ta zo ta durƙusar da tumatur a Arewa a 2016 har kwando ya gagari talaka. A ƙasashen bakin Bahar Rum kiwonsa ake yi a saida ma manoma su saki a gona. Ba waliyyi ba ne, in abincinsa ya ƙare yakan juya kan tumatur ɗin ya yi masa zobe a kara har fure ya zube, shi ya sa ake son mai ido ya riƙa lura da yawansa. To mu nan da shi da sharon ɗin duka muke yi ma wanka da guba, sharon da ke cikin ganye a ɓoye ta tsira, shi da ke waje ya mutu, sati biyu ta dawo ta fi da. Ko a tsibirin ma an ga irin haka, a Hawai wani ɗan ƙwaro mai tsalle ya kusa kashe noman rake a farkon ƙarnin da ya wuce, sai a 1920 wani masani Frederick Muir ya lura a Ostireliya cewa wani ɗan Miridae mai suna Tytthus mundulus ƙwan wancan yake tsotsewa ba raken ba, anka kai shi Hawai, annobar ta kwanta. Da ya yi masa kallon ai duk danginsu masu cin tsiro ne da ba a kai shi ba.

Na rogo kuwa a ƙasarmu anka yi shi. Farin ƙwaron nan mai kamar gari da ya shigo Afirka a shekarun 1970 yana cinye rogo, da farko an je neman maƙiyinsa a arewacin Kudancin Amurka aka kwaso na wani mai kama da shi, sunka zo ba su yi aiki ba, don ba shi ba ne. Sai da anka tantance cewa nau'i biyu ne daban, anka samu na gaskiyar a Paraguwai, sannan Hans Herren da mutanen cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan sunka kawo ɗan zanzaron da ke kashe shi anka saki a farkon shekarun 1980, rogon nahiya guda ya tsira ba tare da feshi ba, har anka ba Herren babbar kyautar abinci ta duniya a 1995. Haka tsutsar masarar nan da ta addabe mu tun 2016, sai da masana sunka duba siffa da DNA kafin a tabbatar baƙuwa ce daga Amurka ba tamu ta da ba, kuma cikin wuraren farko da anka gan ta har da tsibirin Sao Tome.

Yanzu tambayata, in yau wani baƙon ƙwaro ya sauka a fadamar Argungu ko gonakin albasa na Aliero, wa zai faɗi sunansa, kuma cikin kwana nawa? Na taɓa ɗaukar ƙwari a kwalba na kai wani ofis da ya kamata a ce aikinsu ne, anka karɓe ni da mutunci anka ba ni kujera, amma babu na'ura babu littafin tantancewa babu akwatin ƙwari ko ɗaya da za a gwada, ƙarshe shawarar da anka ba ni ita ce ta mai shago, in fesa. Ban ga laifin yaran da ke wurin ba, ba a ba su kayan aiki ba kuma ba a koya musu ba. Akwai tsohuwar ma'ajiyar ƙwari a Samaru ta Zariya, akwai ta IITA a Kwatano, amma manomin Shanga ko Ngaski ina shi ina Kwatano. Da yawa daga ƙwarin wanga dangi na Afirka ta Yamma wani ɗan Finlan ne Rauno Linnavuori ya zo ya tara ya rubuta su, madogaran sunayen suna can ƙasashen waje, ɗalibinmu in yana son ganin ƙwaron ƙasarsu na asali sai ya nemi biza. Ba na zargin wanda ya zo ya yi, da bai yi ba da babu ko sunan. An rubuta ƙwari wajen miliyan ɗaya a duniya kuma masana sun yarda waɗanda ba a rubuta ba sun fi yawa nesa, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi irin tamu.

Mu nan Yauri ma muna da namu tsibiran cikin Kwara da tafkin Kainji, ga Foge ga ƙananan gungu da Gungawa ke noma da su a kai. Ba zan ruɗi kowa in ce za a samu irin abin Tahiti ba, tsibirin kogi kusa yake da tudu, ƙwaro na ƙetarawa da fiffikensa ko cikin jirgin ƴan kasuwa, ba ya keɓewa har ya zama wani iri. Amma tun da anka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya canza wurin gaba ɗaya, ciyayi sun canza, noman rani ya shigo, kuma zan so in ga ɗalibi ɗaya ya ɗauki raga da kwalba ya bi bagaruwa da giyayya da farin ƙaya na bakin ruwan nan icce bayan icce ya rubuta abin da ke kansu. Ko bai samu sabo ba ya bar muna lissafin abin da muke da shi, wanda zai sa gobe in baƙo ya shigo a gane baƙo ne.

Jihar nan tana da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, da ta kimiyya da fasaha a Aliero, da ta aikin gona a Zuru. Roƙona ga shugabanninsu da gwamnatin jiha, ɗaya daga ciki ta ware ɗaki guda, ba gini sabo ba, ɗaki guda mai rufi marar yoyo, a sa maikuroskof biyu masu kyau, akwatunan katako masu murfin gilashi, allurai da kafur na korar gara da ƙwarin da ke cin busassun, sannan uwa uba a tura matasa biyu ko uku su koyi aikin tantancewa a wajen waɗanda sunka iya, a kuma ba su albashin da zai zaunar da su don wanga ilimi ba a shekara ɗaya ake samunsa ba. Kuɗin duka bai kai na mota ɗaya cikin jerin gwanon manya ba. Ƴan majalisarmu da ke rabon famfon feshi da magani a mazaɓu kowace damina, ba mu ƙi ba mun gode, amma a haɗa da wanda zai gaya muna abin da za mu fesa ma.

Ku ma ƴan jarida da naku, Malam Edita. Shafin noma ya riƙa kawo hoton ƙwaro ɗaya duk mako, babba a fili, da sunan da manoma ke kiransa a Kebbi da Zamfara da Kano in yana da shi, da na masana, da bayanin mai ɓarna ne ko mai taimako. Ga ƴan uwana manoma kuma, kafin a samu ɗakin, in ka ga baƙon ƙwaro kada ka murtsuke shi ka zo kana kwatance da baki. Samu ƴar kwalbar allura wadda ta ƙare ka wanke, ka zuba sifirit na kemis, ka saka guda biyar ko goma manya da ƙanana don a samu namiji a ciki, ka rubuta sunan gari da rana da abin da ka same shi a kai da fensir a ƴar takarda ka jefa cikin kwalbar, da fensir fa ba biro ba don sifirit na wanke tawada, ka tsinko ganyen ko zangarniyar da ya ɓata ka haɗa, sannan ka kai ma malamin gona na yankinku ka ce ya miƙa gaba, ka kuma riƙa komawa kana tambayarsa ina aka kwana.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah shi ba mu damina mai albarka.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Yelwan Yauri, jihar Kebbi.